Fumfunar Kawu Hushang

A ƙauyenmu, can bayan garin Lahijan a lardin Gilan, inda hanya ke fara hawa tudu, babu wanda ya kai Kawu Hushang sanin komai. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa ta fito. Ya taɓa yin wata huɗu yana gadin ƙofar wata makarantar aikin gona, tun ban zo duniya ba, kuma daga ranar ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Har yau ba mai kiransa haka sai shi kansa, idan ya ɗauki waya. Matarsa ta tafi birnin Rasht duba yayarta da ba ta da lafiya. Shekara shida ke nan. Yayar ta warke har ta haihu biyu, ita ba ta gama dubiyar ba. Shi ya sa yake cin abinci a gidan uwarsa, Kaka Golbahar, wadda ni ma a hannunta na tashi.

Ita Kaka abu ɗaya ta ɗauka da zafi a duniya, tsutsotsin alharininta. A bayan gida take da talambar, ɗakin tsutsa mai rufin ciyawa a kan dogayen ƙafafun katako, sai da tsani ake hawa. Duk shekara a ƙirjinta take ɗumama ƙwan cikin ƙyalle har ya ƙyanƙyashe, sannan a yi wata guda ana ɗura wa tsutsotsin ganyen bishiyar tut. Ranar da suka daina ci, alamar za su fara saƙa ke nan, sai ta rufe ƙofa ta janye tsani. Kwana goma ba mai hawa, ba mai leƙe. Ran na sha ɗaya a dafa shinkafa, a tara maƙwabta, a buɗe a tsinki dunƙulen alharini. Shekara arba'in da ɗaya tana buɗewa a gaban jama'a, ba ta taɓa jin kunya ba. Bana ta ce ita ce ta ƙarshe, gwiwa ta ƙi tsani, kuma da zaren bana za ta saƙa min zanen ɗamara irin wanda uwarta ta saƙa mata.

A wannan shekarar ce mai-auduga ya sauka a gonakin shayi. Ɗan ƙwaro ne fari mai laushi, yakan manne a bayan ganye ya yi ta tsotsa har ganyen ya yi baƙi ya yi danƙo. Guba kuwa mun daina fesawa tun da kamfanin da ke sayen shayinmu ya ce duk wanda ya kawo ganye mai guba ya koma da abinsa gida ya dafa wa 'ya'yansa. Ga tsinkar farko ta matso. Sai aka aiko mana da wata ma'aikaciyar gona, Injiniya Laleh, ta tara mu a gidan shayin Mash Gorban, maƙwabcinmu. Maza a kan benci, mu mata a bakin ƙofa muna kare yayyafi da kwanduna.

Yarinya ce siririya cikin takalmin roba, tana magana ta hanci kaɗan, kuma ba ta rufe zance sai ta tura tabarau da yatsa ta ce "kun gane ko?"

Ta ɗaga wata 'yar leda. "Wannan farin garin fumfuna ce. Dangin wadda ke fitowa a kan tsohon burodi, amma ita ƙwaro take ci. In ta sauka a jikinsa sai ta tsiro ta cikinsa, kwana biyar shida ya sandare ya yi fari fat, kun gane ko?"

"Haka ne," in ji Kawu daga bencin gaba, yana murza gashin baki. "Ni na san ta tun a makaranta, kafin a haifi yarinyar nan."

"A bakin ƙofa kuka haɗu, Hushang?" in ji Mash Gorban daga bayan samawar, babbar tukunyar shayinsa. "Ka duba takardunta kafin ka bar ta ta shiga?"

Aka kwashe da dariya. Kawu ya yi kamar ruwan sama yake saurare.

Injiniya ta ci gaba. Cokali biyu a tankin feshi, ruwan sanyi, a fesa da yamma in rana ta yi laushi, kowane gida leda ɗaya. Wani ya tambaya daga ina ake samo ta. Ta ce a ɗakin bincike suke renonta, a kan dafaffiyar shinkafa.

Kawu ya miƙe kamar an zuba masa shayi a cinya. "Shinkafa? Jama'a, kun ji? Shinkafa! Mu mutanen Gilan za a auna wa fumfunar shinkafa da cokali? Ni da na buɗe ido a kan tukunya?" Ya matsa gaban tebur ya ɗauki leda biyu. "Ɗaya tawa, ɗaya ta iyalina."

"Wane iyalin?" in ji Mash Gorban. "Ko mai-auduga ya kai Rasht?"

"Aga, ɗan dakata," in ji Injiniya, "akwai abu ɗaya mafi muhimmanci..."

"Hanum Injiniya, ni da ke abokan aiki ne. Ba sai kin wahalar da bakinki ba. Saura na sani."

Ya fice, ya tada babur, ya watsa mana taɓo. Bayan ƙarar babur ta lafa ta faɗi abu ɗayan. Ta ce fumfunar nan ba ta san ƙwaron kirki da na banza ba, kuma a duk duniya ba abin da ta fi so irin tsutsar alharini. Kada ta kusanci talambar. Ko rigar da mutum ya yi feshi da ita kada ya hau tsani da ita. Kuma don Allah kada wanda ya gwada renonta a gida, kun gane ko? Mun gane. Kaka ma da na kai mata labari ta ce ledarta a bai wa Mash Gorban ya fesa mata, ita ko a tsakar gida ba ta yarda a ajiye ba.

Washegari muka tashi muka ga allo a jikin tsohon akurkin kajin Kawu, an rubuta da jan fenti: Cibiyar Binciken Fumfuna, Shugaba Injiniya Hushang. Shirinsa shi ne ya mayar da leda ɗaya ta zama ɗari, ya raba wa ƙauyuka bakwai, 'yan talabijin su zo, gwamna ya rungume shi. Har ya fara gwada gefen fuskar da zai juya wa kyamara.

Ya buɗe buhun shinkafa mai ƙamshi da Kaka ta ɓoye don ranar buɗe talambar, ya auni mudu huɗu.

"Hushang, me kake yi da shinkafar baƙi?"

"Inna, fumfunar gwamnati shinkafar gwamnati take ci, shi ya sa take zuwa a 'yar leda kamar mara lafiya. Tawa sai ta ci mai kyau."

Ya dafa ta da man shanu da gishiri, har da ɗan kurkum don launi. Tana tafasa tana tururi ya juye ledar farko a ciki, ya gauraya da ludayi, ya kankare ƙanzon ya cinye wai don ya gwada lafiyar aikin. Sauran ya zuba a ganga, ya ƙara sukari da ruwa don ta yi ƙarfi, ya rufe a akurki.

Kwana biyar ba fumfuna ba alamarta. Abin da ya fito wari ne. Ya fara da tsakar gida, ya tsallaka shinge, ya shiga gidan shayi ya zauna a kan benci. Mash Gorban ya biyo shi da hanci har ƙofar cibiya. Shi in zai yi maganar sirri ƙasa-ƙasa yake yi, amma har a masallaci ana ji.

"Hushang, tsakanina da kai. Mun yi makarantar allo tare. Giya kake dafawa?"

"A'uzubillahi! Bincike ne!"

"To bincikenka kumfa yake yi. Ni dai in 'yan sanda sun zo ban san ka ba. In ba su zo ba, a ɗan sam min in ga irin lalacewar da ka yi."

Kawu ya fusata ya buɗe gangar don ya nuna masa ilimi, ya tsiyaye ruwan a tankin feshi, ya watsar da dusar a bayan shinge. Agwagin Mash Gorban goma sha ɗaya suna wajen. Ranar Juma'a ce. Kafin a kira salla sun cinye tas, suka jero kan titi suna tafiya a karkace, ta gaba tana faɗuwa ta baya tana taka ta. Ɗaya ta tsaya tana yi wa tayar mota faɗa. Biyu suka bi liman har ƙofar masallaci suna jan gefen rigarsa. Da aka idar da salla aka tarar da babbar cikinsu ta kwanta a kan takalmin Mash Gorban, ƙafa sama, tana minshari.

"Wannan tawa ce," in ji shi, ya ɗauke ta kamar jaririya. "Shekara uku tana gidana ko kallon banza ba ta taɓa yi ba. Kwana ɗaya ta yi hulɗa da mai ilimi."

Shi kuwa mai ilimi yana gona a lokacin. Rana tsaka, ranar da ta fi kowace zafi a watan, ya goya tanki yana wanke shayinsa da ruwan tsami. Bayan kwana biyu ya sa aka tsinka, ya kai wurin awo da kansa, ya ce a matsa ga ganyen zamani. Mai awo ya cusa hannu a buhu, ya shinshina, ya ja da baya.

"Aga Hushang, nan shayi muke karɓa. Masu tafarnuwa mai tsami ranar kasuwa suke zuwa."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Agwagi sun ba ni labari."

Mai-auduga kam sukarin ya karɓe shi. Ya yi ƙiba, ya hayayyafa, gonar Kawu ta yi fari kamar an shanya ulu.

Wani ne da ya haƙura. Amma saura ledar iyali. Da la'asar ina zaune ina tsinke ganyen tut daga reshe sai ga shi ya tsuguna kusa da ni, yana wasa da tsinke kamar ba abin da ya kawo shi.

"Nastaran-jan, ke da ko liman bai tsira daga bakinki ba. Ɗan kwaikwaya min yarinyar nan mai tabarau in yi dariya. Wajen da ta yi maganar shinkafa. Ba don komai ba, ina so in ji inda ta yi kuskure."

Ni kuma ba a roƙona wannan sau biyu, ga shi na ji bayanin renon da ta ƙara yi bayan fitarsa. Na toshe hanci kaɗan, na tura tabaran da ba ni da shi. "Shinkafar rabin dahuwa ake yi mata, ba mai, ba gishiri, kun gane ko? A bar ta ta huce sarai, zafi kashe fumfuna yake yi. A wanke hannu. A zuba a leda mai tsabta, a ajiye inda ke da ɗumi da laima, inda rana ba ta shiga, mako biyu, kun gane ko?"

Leɓensa na motsi yana haddacewa. "Ɗumi. Laima. Ba rana. Duk abin da na faɗa ke nan." Ni kuwa na ci gaba da muryar Injiniya.

"Aga, ɗan dakata, akwai abu ɗaya mafi muhimmanci..."

"Saura na sani," in ji shi, ya miƙe ya kaɗe wando.

Dariya ce ta kayar da ni a kan ganye, ban bi shi ba. Na ɗauka akurkinsa zai koma. Wa zai zauna ya lissafa cewa a duk ƙauyen wuri ɗaya ne mai ɗumi da laima da duhu, wanda har kaskon gawayi ake ajiye masa a ƙasa in an yi sanyi?

Bayan kwana biyu Kawu ya zo da sassafe ya ɗauki damin tut a kafaɗa.

"Inna, gwiwarki. Daga yau ni zan riƙa hawa."

Kaka ta dube shi, ta dube ni. "Nastaran, matso ki duba min. Ɗana ne wannan ko wani abu ne ya shigo da rigarsa?"

"Shi ne, Kaka. Ga miya a gaban rigar."

"Shekara hamsin da biyu bai taɓa ɗauke min ko bokiti ba. Allah, in shiriya ce ka dawwamar, in ciwo ne ka sassauta."

Har addu'a ta sa aka yi masa. Abin da ba mu sani ba sai daga baya, a cikin damin nan leda goma sha biyu ya ɓoye. Ya cusa su cikin ciyawar rufi, daidai saman gadon tsutsotsi. Wannan karon kuma, don rashin sa'armu, komai ya yi daidai. Bayan mako ɗaya shinkafar ta yi fari. Sai ya kwance bakin ledojin don su sha iska, kuma kullum in ya hau sai ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya don su gauraya. Gari ya yi ta sauka a kan bayin Allah suna cin ganyensu. Yakan sauko hula da gashin baki fari, Kaka ta ce garin mene ne, ya ce farar ƙasa yake shafa wa cibiya.

Saura kwana biyu lissafin Kaka ya cika sai tsutsotsi suka daina ci. Ta lallaɓa ta hau da kanta, ni ina tura ta ta baya. Cikin duhu ta shafa su, ta ga sun yi shiru sun ɗaga kai.

"Kaka, kamar ba su da kuzari."

"Ke kika san tsutsa ko ni? In za su saƙa haka suke yi. Bana ma sun yi sauri, albarkar hannun Hushang ce."

Ta jera musu rassan da za su hau, ta yi bismilla, ta ja ƙofa ta ɗaure. Muka sauko, ta janye tsani ta kwantar da shi a baranda, ta shimfiɗa darduma a kai ta zauna. Kawu ya dawo daga gidan shayi ya ga ƙofa a rufe, fuskarsa ta canza.

"Inna, na manta hulata a sama."

"Ga ta a kanka."

"Ɗayar."

"Ta yi kwana goma. In ta iya saƙa ta taya su."

Ya zagaya talambar sau uku, ya gwada ƙafar katako da hannu, ya tuna shi mutum ne da ko tsanin ma ido a rufe yake hawa don jiri. Sai ya sake shawara, kuma a ganinsa ta fi ta farko. Ranar buɗewa ai jama'a za su taru, ga abinci an dafa. Me ya fi wannan dacewa da bikin ƙaddamarwa? Ya koma gidan shayi ya shelanta cewa ran buɗe talambar ɗin Inna zai nuna wa duniya abin da ya ƙirƙiro a wani ɓoyayyen wuri. Ya aika wa Injiniya Laleh takarda, daga abokin aiki zuwa abokiyar aiki. Mash Gorban ya tambaya ko ya zo da agwagi ko ya bar su a gida.

A cikin kwanakin nan goma gonakin mutane suka farfaɗo. Duk wanda ya fesa cokali biyunsa da yamma ya ga mai-auduga ya bushe yana kakkaɓuwa, sabon toho ya fito kore shar. In ka tsaya a kan tudu gona ɗaya ce fara a tsakiya, kowa kuma ya san mai ita.

Ran na sha ɗaya aka wayi gari da yayyafi. Mun dafa abin da Kawu ya rage na shinkafa, da bandar kifi, da gasasshen gauta mai ƙwai da tafarnuwa. Mata suka zo da kwandunan tsinka, maza suka jeru a gindin shinge. Injiniya Laleh ta iso da takalmin robarta, tana tambayar kowa wane ɓoyayyen wuri ne, ba wanda ya sani. Kaka ta sa farin mayafinta na Mashhad. Aka jingina tsani. A al'ada ita ke fara hawa.

Sai ga Kawu cikin kwat ɗin aurensa, maɓalli ɗaya ya kama da ƙyar. Ya sha gabanta.

"Inna, yi haƙuri. Yau ilimi ne zai fara hawa."

Kafin ta buɗe baki ya kama tsani, yana hawa yana salati, ido a rufe. Ya kwance ƙofa ya shige. Muka ji motsi, muka ji atishawa uku. Sai ya fito bakin ƙofa fari tun daga hula har takalmi, leda shida a kowane hannu, gari na tashi a bayansa kamar hayaƙi.

"Jama'ar Gilan! Ga ta! Leda ɗaya ta zama goma sha biyu! Ba ɗakin bincike, ba kuɗin gwamnati, ba tabarau!"

Injiniya ta yi wata ƙara da ban taɓa iya kwaikwaya ba har yau. "A nan ka ajiye ta? A cikin talambar? Kada ka girgiza! Aga, don girman Allah daina girgizawa!"

Matan da ke da tsutsa a gida suka watse da gudu zuwa bayan shinge, suna kakkaɓe mayafi suna tsine masa. Shi kuwa ya ɗauka murna ce, ya ƙara ɗaga ledojin sama.

Kaka ba ta motsa ba. Ta ce, a hankali, "Hushang. Ajiye wannan. Miƙo min dunƙule ɗaya."

"Yanzu kuwa, Inna."

Ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito murmushin ya ragu da rabi, hannunsa cike da wasu abubuwa farare dogaye masu tauri, kamar allin makaranta.

"Inna, bana wani sabon salo suka yi. Dogo-dogo. Ina jin irin na ƙasar waje ne."

Ya saki ɗaya, ya faɗo a kan dutse ya ce ƙwas, ya karye biyu. Injiniya ta sa ƙyalle ta ɗauka, ta juya shi, ta tura tabarau.

"Tsutsa ce. Ta mutu kafin ta saƙa. Duka haka suke?"

Kawu ya waiwaya ciki. "Akwai... eh. Sun yi layi dai, gwanin sha'awa."

Ta ƙara duban abin, kuma da yake ita mai gaskiya ce har ta yi yawa, sai ta ce, "Wallahi ko a ɗakin bincikenmu ban taɓa ganin fumfuna mai tsabta da ƙarfi irin wannan ba."

Ai kuwa sai ƙirjin Kawu ya dawo, maɓallin ya tsinke ya faɗo. "Kun ji! Mash Gorban, ka ji da kunnenka! A maimaita, na baya ba su ji ba!"

"Mun ji, Injiniya," in ji Mash Gorban, karo na farko kuma na ƙarshe da wani ya kira shi haka. "Tsutsa dubu ashirin ka kashe a zama ɗaya. Mai-auduga fa, nawa?"

"Wannan mataki na biyu ne."

"Ka yi sauri, don na ga sun fara fita da 'ya'yansu shan iska a gonarka."

Ba wanda ya yi dariya sosai, saboda Kaka. Ta karɓi guntun daga hannun Injiniya ta ɗora a tafinta. A ƙirjinta ta ɗumama su. Ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe, sannan ta dube ni ta ce, "Ga zanenki, Nastaran." Ta naɗe guntun a gefen mayafi ta ƙulle, ta juya wajen Injiniya.

"'Yata, yanzu me ake yi?"

"Hajiya, sai a killace ɗakin. A ƙone rassan da ciyawar, a wanke katakon da farar ƙasa. Kafin nan duk abin da ke ciki kada ya sauko ya yi yawo a gari, in ba haka ba sauran talambar ɗin ƙauyen ma sun tafi, kin gane ko?"

"Duk abin da ke ciki?"

"Duka. Har tufafi."

"Na gane," in ji Kaka. "Nastaran, kama can."

Na kama ƙafa ɗaya, ta kama ɗaya. Matar da ta ce gwiwa ta ƙi, wallahi ita ta fi ni ƙarfi. Muka janye tsani muka kwantar a ciyawa. Mash Gorban da ba a roƙe shi ba ya zo ya zauna a kai.

Kawu ya leƙo ƙasa, ya rungume ginshiƙin ƙofa. "Inna? Inna, wasa kike yi. Jama'a na kallo."

"Ai kai ka tara su."

"Hanum Injiniya, gaya mata! Mu abokan aiki ne!"

Injiniya ta duƙa tana gyara takalmin roba, wanda ko igiya ba shi da ita.

"Za a miƙo maka bokitin farar ƙasa da igiya," in ji Kaka. "Ka fara daga rufi. Abin da aka rufe a ɗakin nan kwana goma yake yi, haka na gada, ban taɓa ragewa ba."

"Inna, tsaya ki ji, akwai abu ɗaya mafi muhimmanci..."

"Saura na sani."

Ta gyara mayafi ta ce wa baƙi bismilla, abinci na hucewa. Mata suka fito daga bayan shinge, aka nufi baranda. Agwagin Mash Gorban, waɗanda tun ranar Juma'ar nan ba su daina bin Kawu ba, suka taru a gindin talambar suka ɗaga kai suna jira.

"To me zan ci?" ya ƙwala mana daga sama.

Kaka ba ta ko waiwaya ba. "Shinkafa leda goma sha biyu gare ka. Mai kyau ce, tawa ce."